Allurar Cikin Durowar Sista

Shafi na 17

Masu cika min waya da saƙo tun shekaranjiya, to ga shi. Sau uku ina fara wannan shafin ina gogewa, don har yau in na tuna ranar sai yatsana ya kama zugi. Ku samu wuri ku zauna kafin ku karanta.

*

Kwana tara ke nan da ƙasa ta zaftare ta rufe hanyar zuwa garin Hagen, babu mota mai shigowa, babu mai fita. Mu biyu ne kawai ma'aikatan jinya a ƙaramin asibitin ƙauyenmu, ni Jacinta da shugabata Sista Perpetua. Sai Mama Kupil mai shara, wadda ba a raba bakinta da buai, goron nan namu mai rina haƙora su yi jawur.

Ranar Litinin ce. Ko ƙofa ba mu gama buɗewa ba aka shigo da wani mutum a kan buhu, an sare shi da adda a cinya saboda rigimar alade. Jini kamar an buɗe famfo.

Sista ta danne wurin da hannu biyu ta ɗaga murya.

"Jacinta! Ledar ruwa! Makullin sito yana durowar teburina, ruga!"

Na tuɓe safar hannuna da ta jiƙe da jini na jefar, na ruga ofishinta. Na fizgo durowar, na cusa hannu ba tare da na duba ba.

Wani abu ya cake ni.

Na zaro hannun da sauri. Sirinji ne ya biyo shi, allurar a tsaye cikin yatsana na tsakiya, ba murfi. Allura mai kauri, irin ta ɗibar jini. A cikin sirinjin akwai sauran jini, ja, ko bushewa bai fara ba.

Ban san na yi ƙara ba sai da na ga Mama Kupil a bakin ƙofa riƙe da tsintsiya.

"Lafiya? Maciji ne?"

"Allura."

"Allura kawai? Haba 'yar nan. Ni da alade ya cije ni a mazauni ban yi wannan ihun ba. Ke da kike soka wa mutane kullum, yau ta rama."

Na cire allurar, na ajiye sirinjin a kan teburi, na nufi famfon tankin ruwan sama. Abin da aka koya mana a makaranta shi ke ta yawo a kaina. Kar ki matse. Kar ki tsotsa. Ruwa da sabulu. Na wanke, na sake wankewa, har sabulun ya suɓuce min sau biyu. Ɗan jini ya tsatso, ruwa ya tafi da shi, wani ya sake tsatsowa.

"Jacinta! Mutumin nan zai tafi!"

Na liƙa filasta, na sa safa biyu, na ɗauko ledar ruwan.

Kusan awa guda muka yi a kansa. Ina riƙe masa ƙafa, Sista tana ɗinki, 'yan uwansa suna leƙe ta taga suna rantsuwar sai sun rama. Ni kuwa jikina ne kawai a ɗakin. Duk bugun da zuciyata ta yi sai in ji kamar tana tura jinin nan sama, daga yatsa zuwa hannu, daga hannu zuwa ƙirji. Ƙirjin da ɗana Junia yake tsotsa, wata biyar da haihuwa.

Muna gamawa na ce, "Sista, ina son ganinki a ofis."

"Bari in wanke hannu."

"Yanzu."

Ta kalle ni. Tun da na fara aiki a ƙarƙashinta ban taɓa yi mata magana haka ba.

Tana shiga idonta ya sauka a kan sirinjin da ke bisa teburi. Daga nan ya koma kan filastar yatsana. Na ga fuskarta ta canza, kamar wadda aka watsa wa toka.

Na mayar da ƙofa na sa sakata.

"Jinin waye?"

"Ta soke ki?"

"Sista, jinin waye?"

"Ta shiga sosai? Kin wanke?"

"Na wanke. Jinin waye?"

Ta juya min baya, ta shiga gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

"Na wata yarinya ce mai zazzaɓi. Kar ki tayar da hankalinki."

"Wace yarinya? Tare muka buɗe ƙofa yau. Ba mu ga kowa ba kafin mutumin da aka sara."

"Jiya ne."

"Jinin jiya ba ya zama haka. Ke kika koya min."

Ta ci gaba da jera takardun.

Na kalli kwalin rawaya da muke jefa allurai, yana nan a gefen teburinta, ko rabi bai cika ba. Taku biyu ne tsakaninsa da durowar. Matar nan da ta taɓa tsayar da ni a gaban marasa lafiya ta yi min tatas don na mayar wa allura murfinta da hannu biyu, yau ita ce ta jefa allura tsirara cikin durowa.

"Ina da jariri, Sista," na ce. "Ƙarfe sha biyu zan ba shi nono. Ki faɗa min abin da ya shiga jikina."

Ba ta juyo ba.

Sai idona ya kai kan ɗan akwatin sanyi da muke zuba samfurin jini in za a kai gari. Jirgin saman mishan ya ce zai sauka da safen nan, gajimare ya rufe duwatsu, aka fasa. Na buɗe akwatin. Kwalba ɗaya ce tak a ciki, da sabon jini. An rubuta suna da hannun Sista: Maria Tolpa.

Na san sunan. Duk wata shida sai na gan shi cikin jerin masu shan maganin ƙanjamau. Amma shekara uku ina asibitin nan ban taɓa ganin fuskar Maria Tolpa ba. In na tambaya, Sista ta ce matar tana jin kunya, gida take kai mata maganin.

Na dafa bango.

"Na shiga uku. Na Maria Tolpa ne?"

"E."

"Ina take? Yaushe ta zo? Tana shan maganinta daidai? Kira min ita, ni zan tambaye ta da bakina!"

"Rage murya."

"Ba zan rage ba! A wane gida take? In ba za ki kira ta ba ni zan je!"

Sista ta juyo a hankali. Ta kama hannun rigar sanyinta ta naɗe shi har gwiwar hannu.

Auduga ce a wurin, an danne ta da filasta, da ɗan ɗigon jini a tsakiya.

"Ga Maria Tolpa," ta ce.

Na daɗe ina kallon audugar nan. Na ji ruwa yana sauka a kan kwano, na ji Mama Kupil tana faɗa da 'yan uwan wanda aka sara a kan su daina tofar da jan yawu a baranda. Komai na ji, amma kaina ya ƙi ɗauka.

"Ke?"

"Ni."

"Tun yaushe?"

"Shekara goma sha ɗaya."

"Amma Sista... ke da ko aure ba ki..."

"Faɗa mana. Abin da kowa zai faɗa ke nan, shi ya sa ban gaya wa kowa ba." Ta zauna a kujerarta kamar an ture ta. "Ba namiji ba ne, Jacinta. Allura ce. Irin taki."

Na zame na zauna a ƙasa.

"Lokacin ina aiki a gari. Wani saurayi ne yana fizge-fizge, ina cire masa allura ya buge hannuna. Nan ta shiga." Ta nuna gindin babban yatsanta. "Na tsotse wurin, na tofar, na ci gaba da aiki. Layi har waje, wa zai tsaya? Kuma na ji tsoron a ce sakacina ne. Ban rubuta ba, ban gaya wa kowa ba, ban sha komai ba. Bayan wata takwas na gwada kaina a ɓoye."

"Kuma kika sa min ita a durowa."

"Ina cikin ɗiba na ji ihunsu. Na zuba jinin a kwalba, na jefa sirinjin inda hannuna ya kai, na fita. Wallahi na manta. Da bakina na aike ki, kuma na manta." Ta rufe fuska da tafin hannu. "Ki zage ni, 'yata. Kin isa."

Ban zage ta ba. Tsoro bai bar min wurin zagi ba.

Can wani abu ya faɗo min, na kama shi kamar wanda ruwa ya ci ya ga reshe.

"Amma kina shan magani. Shekara goma sha ɗaya kina sha. Ke kike gaya wa mata in mutum yana sha kullum ƙwayar cutar tana kwanciya, har ba a ganinta a jini. Ko ba haka ba? To ba komai ke nan. Ko, Sista? Ba komai?"

Ba ta ɗago ba.

"Sista!"

"Kin tuna bara da damina, da magani ya yanke mana?"

"Na tuna."

"Mata uku masu ciki ne a jerin. Kin yi mamakin inda na samo musu."

Na tuna. Har na ce mata ita mayya ce, tana fito da magani daga bango.

"Naki kika ba su."

"Wata biyu da rabi ban sha ba. Na koma sha daga baya, amma tun Kirsimeti ba na jin daidai. Ga tari, ga zufa, siket ɗina duk sun yi min yawa. Ina tsoron maganin ya daina kama ta. Shi ya sa na ɗebi jinin yau, ba lokacinsa ba ne."



"Wato ba ki san yawanta a jininki ba."

"Ban sani ba."

Na miƙe na fizgi makullin na nufi kabad ɗin magani da ke ofishin. Na san akwai maganin kariya da ake ba wanda allura ta soka, ana fara shi cikin awa saba'in da biyu, kuma gara awa biyun farko. Na watso kwalaye ƙasa. Maganin tsutsa, maganin zazzaɓi, bandeji.

"Babu," in ji Sista daga bayana. "Kwalbar ƙarshe ranar Juma'a na ba yarinyar nan da aka yi wa fyaɗe a hanyar gona."

"Jirgin fa?"

"Sun ce sai gajimare ya ɗaga. Ko Laraba, ko Alhamis."

"Zan tafi da ƙafa. Zan haye zaftarewar."

"Kwana biyu ne, kuma ƙasar tana ci gaba da zubowa. Da jariri a baya za ki haye?"

Na jingina da kabad ɗin, kuka ya ƙwace min. Mijina Kerowa yana can wurin haƙar ma'adinai, sai bayan wata uku yake zuwa hutu. Me zan ce masa? Allura? Wa zai yarda da allura? Danginsa da suka jera aladu goma sha huɗu na sadakina a filin ƙauye ranar aurena, cewa za su yi ma'aikaciyar asibiti ta bi direbobi ta kwaso. Na san abin da aka yi wa wata a ƙauyen gaba, a bukkar aladu aka ajiye ta, ana tura mata dankali da sanda.

Na ji ƙarar zip. Sista ta buɗe jakarta, ta zaro wata tsohuwar safar ƙafa, ta zazzage ta. Farar kwalba ta faɗo, an kankare takardar jikinta.

"Iri ɗaya ne da na kariyar," ta ce. "Ƙwaya ɗaya kullum, kwana ashirin da takwas. Buɗe baki."

"Naki ne."

"Na sani."

"Guda nawa suka rage?"

"Sha tara."

"Ke fa?"

"Ni nawa ya riga ya faru. Naki ne bai faru ba tukuna."

"Sista, in kika sake tsayawa..."

"Jacinta Kombuk!" Muryar shugaba ta dawo mata, wadda take sa har masu adda su ajiye a bakin ƙofa. "Awa ɗaya da rabi ke nan. Duk minti ɗaya da kika ɓata kina min gardama, ita ba gardama take yi ba, tafiya take. Haɗiye."

Ta miƙo min ruwa a kofin shayinta. Na haɗiye. Ƙwayar ta tsaya min a maƙogwaro kamar dutse kafin ta wuce.

"Rigakafin ciwon hanta kin yi duka uku?"

"Na yi."

"To wannan mun huta, ni ma ba ni da shi. Saura rubutu. Za mu rubuta komai, lokaci da wuri da irin allurar."

"In muka rubuta, sunanki zai fito."



"Ya fito. Ɓoyewa ce ta kawo ni nan." Ta jawo wani ƙaramin kwali. "Kawo ɗaya hannun. Ƙa'ida ce, sai an gwada ki yau don a san da lafiyarki abin ya same ki. In ba haka ba gobe wani zai ce dama kina da ita."

"Ai kin gwada ni lokacin awon ciki."

"Sau biyu ma. Duk da haka kawo."

Ta sa safar hannu. Ta goge min yatsa da auduga. Da na ga ɗan tsinken da za ta huda ni da shi sai na janye hannu ban sani ba. Ni da nake huda yara hamsin a rana.

"Rufe ido," ta ce a hankali.

Ta huda, ta ɗiga jinin a kan 'yar takardar gwajin, ta ƙara ruwansa, ta jefa tsinken cikin kwalin rawaya. Mu duka biyu muka bi shi da kallo har ya faɗa.

"Minti goma sha biyar."

Agogon bango ya nuna goma da kwata.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Ku biyun nan lafiya?" Muryar Mama Kupil ce. "Ko kun kulle ne kuna cin biskit ɗin mishan ba ni?"

"Muna lissafin magani, Mama," in ji Sista. "Ce musu su jira."

"Lissafi da kuka? To Allah ya ba da sa'a."

Muka ji takunta ya yi nisa.

"Nono fa?" na tambaya da raɗa. "In ba shi ko kar in ba shi?"

"Za mu yi magana. Da maganin a jikinki haɗarin kaɗan ne ƙwarai. Allura ɗaya ma ba kowa take kamawa ba, cikin ɗaruruwa sai a samu ɗaya."

"Ke ce ɗayar."

"Ni ban sha komai ba. Ke kin sha."

Na riƙe wannan maganar da hannu biyu. Na shiga addu'a a zuci, duk wadda ta zo bakina, har da ta cin abinci. Ya Yesu, ba don ni ba, don Junia. Sista ta ɗauko takardar rahoto ta fara cikawa. Na ga ta rubuta sunana. Da ta zo layin mai jinin sai alƙalamin ya tsaya. Ta daɗe a haka. Sannan ta rubuta Perpetua Wamp, harafi bayan harafi.

Goma da rabi.

Ta ajiye alƙalamin ta jawo takardar gwajin gabanta, tana cewa, "Kin gani, layi ɗa..."

Maganar ta tsaya.

Ta ɗaga ta wajen taga. Ta cire tabarau ta goge da gefen riga ta mayar.

"Mene ne?"

"Bari in sake. Wataƙila wannan ta lalace, damshi ya yi yawa."

"Nuna min."

"Jacinta, bari in..."

Na fizge.

Layi biyu. Ja, a fili, ba wanda zai ce bai gani ba.



"Har ta shiga? Sista, har ta kama ni? Awa biyu kawai! Kin ce maganin zai tare ta!"

Ta ɓare wata takardar gwaji ta wani kamfani daban, ta kama hannuna da ƙarfi, ta sake huda. Wannan karon ban ji zafin ba. Ruwan sama ya tsaya, sai ɗigowar indararo cikin tanki. Na ƙirga ɗigo har na ɓata lissafi.

Layin farko ya fito.

Na biyu ya biyo shi.

Sista ta durƙusa a gabana, ta kama kafaɗuna biyu.

"Saurare ni da kyau, 'yata. Allurar da ta soke ki da safen nan ba za ta nuna yau ba. Ba za ta nuna gobe ba. Sai ta yi makonni."

"To wannan fa?"

"Da hannuna na gwada ki kina da ciki wata takwas. Layi ɗaya ne."

"Sista, wannan fa?"

Idonta ya ciko.

"Wannan ba nawa ba ne. Ya riga allurata shiga jikinki."

Kafin maganar ta gama sauka a kaina, kafin in gama tuna zuwan Kerowa hutu na ƙarshe, aka buga ƙofa da ƙarfi, sakatar ta girgiza. Ta bayan katakon na ji kukan da zan gane ko cikin yara dubu.

"Jacinta!" in ji Mama Kupil. "Ga uwar mijinki ta kawo yaron, tun ɗazu yake tsala ihu. Ta ce ki buɗe ki ba shi nono yanzu, tana tsaye."